Tsaka Mai Zanko da Kiwon da Ake Cewa Ba Wuya



Yau zancen tsaka za mu yi. Na san tun daga jin sunan akwai wadda ta yamutsa fuska, akwai kuma wanda ya fara waige-waigen bango yana laluben takalmi. A yi haƙuri a saurara. Tsakar da nake nufi ba ta bangon ɗakinmu ba ce. Wata 'yar uwarta ce daga can kudancin Tekun Fasifik, wadda a Amurka da Turai da Japan mutane ke zuwa da kuɗinsu su saya, su tanadar mata akwatin gilashi, su raɗa mata suna, in ta yi rashin lafiya su ɗauke ta sai wurin likitan dabbobi. Yau tana cikin dabbobi masu rarrafe da aka fi kiwo a gidaje. Masu sauraronmu da ke zaune a waɗancan ƙasashe, wataƙila yaranku sun riga sun fara yi muku naci a kanta. Mu kuma a nan gida, mun san halin wayar hannu: duk abin da ya yi farin jini a cikinta, ba a jimawa wani matashi ya ce sai ya yi odarsa.

Masana suna kiranta Correlophus ciliatus, mu dai mu ce tsaka mai zanko. In ta girma, daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya takan kai santimita 20 zuwa 25, nauyinta kuma galibi giram 35 zuwa 55. Kanta faffaɗa ne. Daga saman kowane ido wasu 'yan tsinkayen fata masu laushi sun jeru, sun bi gefen kai, sun gangara wuya har gadon baya, in ka hango ta sai ka ce gashin ido ne aka yi mata zara-zara. Amma duk da wannan ado ba ta da fatar ido, ba ta ƙiftawa sam. Wata fata ce garai-garai ta rufe ƙwayar idon, in ƙura ta hau sai ta zaro harshe ta lashe abinta. Da rana tana kwance cikin ganye, launinta a dusashe. Dare na yi sai launin ya tashi, ja ya ƙara ja, ruwan ƙasa ya koma kusan baƙi, ta fito yawo a kan rassa.

Asalinta Sabuwar Kaledoniya, wasu tsibirai da ke gabas da Ostireliya, ƙasar al'ummar Kanak, wadda Faransa ta mallake a 1853 kuma har yau tana ƙarƙashinta. A 1866 wani masanin dabbobi Bafaranshe, Alphonse Guichenot, ya bayyana siffarta a rubuce. Daga baya labarinta ya yi ta dusashewa, aka yi shekara da shekaru babu masanin da ya sake sa ta a ido, har aka ɗauka ta ƙare a duniya. Sai a 1994, bayan wata guguwa da ta kaɗa yankin, aka sake ganinta, wasu Jamusawa biyu, Robert Seipp da Wilhelm Henkel, suna cikin waɗanda suka tabbatar wa duniya cewa tana nan da ranta. Ni a ganina littattafai ta ɓace wa, ba daji ba. Dabbar da ke barci da rana cikin ganye, ta yi harkarta da dare a saman itace, mai nemanta da tsakar rana a ƙasa ai ya daɗe bai gan ta ba.

A 'yan shekarun da suka biyo baya an fitar da wasu kaɗan zuwa Turai da Amurka, kafin hukumomin tsibirin su rufe ƙofa. Ashe ba ta da wuyar hayayyafa a hannun mutum. Kusan duk wadda ake sayarwa a yau jikanyar waɗancan kaɗan ɗin ce, an ƙyanƙyashe ta a ɗakin wani, ba ta taɓa ganin daji ba.

To, ga inda sharhin namu ya dosa. Duk shagon da ka shiga a waɗancan ƙasashe, abin da mai sayarwa zai faɗa maka guda ne: wannan ita ce mafi sauƙin kiwo, ko yaro zai iya. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce. Yawancin ƙadangarun da ake kiwo sai an kunna musu fitilar ɗumi, ita ba dole ba ne. Wasu sai an ba su ɓera ko ƙwari masu rai kullum, ita garin abinci ake dama mata. Ba ta da girma, ba ta da hayaniya, ba kasafai take cizo ba, in ma ta yi cizon bai taka kara ya karya ba. Duk gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa shi ne, sauƙin nan ba a jikin dabbar yake ba, a ɗakin mai ita yake. Ɗakin mutumin Jamus ko Ingila, yawancin shekara, ɗuminsa ya yi daidai da na inuwar dajin da ta fito, shi ya sa yake ganin bai yi komai ba. Canza mata ɗaki ka ga yadda lissafin zai rushe.

Mu fara da zafi, don shi ne mai kisa. Tsaka mai zanko tana son ma'aunin zafi ya tsaya tsakanin digiri 22 zuwa 26, da dare ko ya sauka zuwa 18 ba ta damu ba. Da ya haura 28 ta fara shiga damuwa. In ya wuce 30 ya daɗe a nan, tana iya mutuwa, kuma ba sai an kwana ba. Dalili kuwa, jikinta ba ya daidaita zafinsa da kansa irin namu, ba ta gumi, abin da iskar wurin ta ba ta shi take ɗauka. A daji in wuri ya yi mata zafi sai ta gangara ƙasa, ta shige cikin ganye mai laima. A cikin akwati ina za ta?

Yanzu mai sauraro na Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yamai, ka tuna watan Afrilu. A waje ma'auni yana taɓa 40 har ya wuce. Ɗakin kwano da la'asar kuwa ba sai na faɗa maka ba, da daddare ma bango bai gama huce zafin rana ba. Wato watanni da dama a shekara, ɗakin da kake kwana ya wuce iyakar da wannan dabba ke iya ɗauka. Fanka ba za ta cece ta ba, domin fanka gumi take busar mana mu ji sanyi, mai jikin da ba ya gumi iskar zafi kawai aka kaɗa masa. Abin da ya rage shi ne na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana, ba yankewa. Wanda ke da sola mai ƙarfi ko janareto da kuɗin mai, ya san lissafinsa. Wanda kuwa ya dogara da a kawo wuta a ɗauke, yini guda na bazara ya isa ya dawo gida ya tarar da gawa. Masu kiwo a Turai ma, in zafi ya matsa musu na 'yan kwanaki, sukan sauke akwatin zuwa ɗakin da ya fi sanyi, su naɗe gorar ƙanƙara da tawul su ɗora a sama. Wannan dabarar kwana biyu ce, ba ta wata uku ba. A ƙasashenmu sai dai wurare masu tudu irin Jos da Mambila ne za a ce an ɗan kusanto, kuma ko a Jos akwai ranakun bazara da sai an yi hattara. Ga mafi yawanmu, ba tare da wata kwana-kwana ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wani kuskure da ake yawan yi ko a ƙasashe masu sanyi shi ne ajiye akwatin a bakin taga, wai don ta sha hantsi. Gilashi yana tara zafi cikin ɗan lokaci. Rana ba ta kai tsaka ba, cikin akwatin ya zama abin da ya zama.

Sai laima. Dajinta na ruwa ne, iskarsa a jiƙe. Masu kiwo suna neman laimar akwati ta riƙa kai-komo tsakanin kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari. A lura da kalmar kai-komo, domin nan ne sababbin shiga ke tuntuɓe. Da almuru ake fesa ruwa a ganye da bangon gilashi, laima ta hau sama, ita kuma ta fito ta lashi ɗigon ruwan, don ta fi son haka da sha a kwano, ko da yake kwanon ma ana ajiye mata. Da rana kuma sai a bari wurin ya sha iska ya ɗan bushe. Wanda ya bar akwati jagab kullum, fumfuna za ta kama shi, dabbar ta kamu da ciwon fata ko na numfashi. Wanda ya bar shi ƙayau, zai gani a lokacin saɓa. Tsaka tana saɓa kamar maciji, ƙanana akai-akai, manya jifa-jifa, kuma takan cinye tsohuwar fatar, shi ya sa sau da yawa mai ita ba ya ma sanin an yi. In iska ta bushe, fatar takan maƙale a yatsu da ƙarshen wutsiya, ta ƙanƙance, ta shaƙe jini, har yatsa ya mutu ya guntule. Maganinsa a farko-farko mai sauƙi ne: a sa ta cikin ɗan mazubi mai hujojin iska, a shimfiɗa takarda mai laushi da aka jiƙa da ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan, a bar ta kamar minti 15, sannan a murza fatar a hankali da auduga. Ka auna wannan da hunturunmu, lokacin da laima kan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓe na tsagewa, kaushi na tashi. Ka tsira daga bazara, hunturu na jiranka.

Akwatin kansa tsawo ake nema masa ba faɗi ba, tunda 'yar saman itace ce. Abin da aka saba ba babba guda shi ne mai faɗin santimita 45, zurfi 45, tsayi 60, kuma da yawa daga masu kiwo yanzu suna ganin wannan shi ne mafi ƙanƙanta, in an samu wanda ya fi, ya fi. A cika shi da rassa, wasu a tsaye wasu a gicciye, da ganye mai yawa, na gaske ko na roba. Mai kallo zai so akwati fayau don ya riƙa ganin abin da ya saya. Ita kuwa in ba ta da maɓoya hankalinta ba ya kwanciya, sai ta daina ci. Rassan gicciye ma suna da dalili: wadda ba ta da inda za ta kwanta takan manne a gilashi ta yi barci kai a ƙasa, wutsiya na rinjayowa ta bayanta, a kwana a tashi gindin wutsiyar ya karkace. Jarirai kuma ba a sa su a babban akwati, sukan kasa gano inda abinci yake. Ƙaramin mazubi da shimfiɗar takarda ya fi musu, ga shi kana ganin kashinsu ka san suna ci.

Bari in ɗan ratse, tunda na ambaci mannewa a gilashi. Kowa ya ga tsaka tana tafiya a silin, kuma da yawa sun ɗauka wani danƙo ne a ƙafarta. Babu danƙo. A ƙarƙashin kowane yatsa akwai wasu gasusuwa ƙanana ƙwarai, dubbai a jere, kowane kuma ya rarrabu zuwa ɗaruruwan rassa da ido ba ya gani. Kusancin da suke yi da bango ya kai inda ƙananan ƙwayoyin gashin da na bangon ke jan juna da kansu. A shekara ta 2000 wani masani a Amurka, Kellar Autumn, da abokan aikinsa suka auna ƙarfin gashi guda ɗaya tak na ƙafar tsaka, kuma tun daga nan injiniyoyi ke ta ƙoƙarin kwaikwayon wannan hikima. Ta bangonmu ma haka ƙafarta take. Mai zanko ta ƙara da nata, don har a ƙarshen wutsiyarta akwai irin wannan tafin, tana kuma naɗe reshe da ita.

Abinci shi ne ya ɗaukaka ta a kasuwa. A daji tana cin nunannun 'ya'yan itatuwa, da ruwan furanni, da ƙwari. Masu kiwo na farko sun rasa yadda za su haɗa wannan, sai suka koma ba ta abincin jarirai na kwalba, markaɗaɗɗen ayaba da makamantansu. Tana so kuwa, zaƙi ne. Amma da yawa sun nakasa, zan faɗi dalili. Daga baya wani mai kiwo Ba'amurke, Allen Repashy, ya haɗa garin abinci mai ɗauke da 'ya'yan itace da furotin da sinadaran da take buƙata, wasu kamfanoni irin su Pangea suka biyo baya. Ana ɗibar gari kashi ɗaya, ruwa kashi biyu, a dama ya yi kaurin kunu, a zuba a ɗan murfi, a ajiye mata a sama kusa da reshe da yamma. Babba ana ba ta kamar sau uku a mako, ƙanana sun fi haka. Abin da ya kwana ya yini a kwashe, don yana tsami. Kar ka tsorata in ka ga kamar ba a taɓa ba, cikinta ƙarami ne, alamar lasa kawai za ka gani.

Ƙwari kuma sau ɗaya ko biyu a mako, gyare ko wani nau'in kyankyaso da ake kiwo musamman don haka. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce kada ƙwaron ya fi tazarar da ke tsakanin idanunta biyu girma. Kafin a ba ta, a ciyar da ƙwaron da kansa abinci mai kyau, sannan a barbaɗe shi da garin kalsiyam. Wani zai ce, mu da Allah ya hore wa gyare da fara, ai mun huta. A'a. Ƙwaron da aka kamo a tsakar gida ko gona ba ka san abin da ya taka ba, ko maganin feshi ko tsutsar ciki. Wannan ya kawo mu ga wani abu da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba, amma mu dole mu faɗa: maganin sauro. Ɗakin da ake fesa magani kowane dare, ko a kunna na hayaƙi, ko a yayyafa fiya-fiya, ba ɗakin da za a ajiye irin wannan dabba ba ne. Abin da ke kashe sauro yana taɓa jijiyoyin ƙananan dabbobi masu rarrafe. Kai kuma ba za ka bar iyalinka ga zazzaɓin cizon sauro saboda tsaka ba. Kuma kar a manta garin abincin nan daga waje ake kawo shi. Ranar da ya yanke fa?

Dalilin nakasar da na ambata shi ne kalsiyam. Ƙashi ba ya ƙarfi sai da shi, jiki kuma ba ya iya ɗaukarsa sai da bitamin D3. Ana so kalsiyam a abincinta ya kusan ninka sinadarin fosfaras sau biyu. Ayaba akasin haka take, gwanda da ɓaure sun fi ta daidaito, lemo da danginsa kuwa ba a ba ta. In kalsiyam ya yi ƙaranci, jiki sai ya koma yana zara daga ƙashi. Haɓa ta yi laushi har ta kasa kama abinci, wutsiya ta yi lanƙwasa-lanƙwasa, baya ya gantsare, ƙafafu su riƙa rawa. Abin da ya riga ya karkace ba ya miƙewa, sai dai a tsayar da ciwon inda ya kai. Shi ya sa masu kiwo da yawa yanzu suke ƙara mata fitila ta musamman mai ba da irin hasken rana da ke sa fata ta samar da bitamin ɗin, mara ƙarfi sosai, ko da yake 'yar dare ce. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki, gilashin ya tace shi.

Matsalar ita ce dangin su damo sarkin haƙuri ba sa kukan ciwo. Kare zai yi kuka, akuya za ta cika gida da ihu, tsaka kuwa tana nan manne da reshe kamar lafiya lau har ciwo ya ci ƙarfinta. Saboda haka mai kiwon kirki yana da ɗan sikeli irin na masu sayar da zinariya, yana auna ta lokaci-lokaci yana rubutawa. Nauyi ne ke fara tona asirin ciwo. Sannan ya san, tun kafin ya saya, inda likitan da ya san dabbobi masu rarrafe yake, don ba kowane likitan shanu da kaji ne ya saba da su ba.

Sai wutsiya. Mun san ta bangonmu, in an kai mata duka ta yar da wutsiya tana ta mutsu-mutsu, ita ta tsere, bayan wani lokaci wata ta tsiro. Mai zanko ma tana yarwa, amma tata ba ta sake fitowa har abada. A daji ma yawancin manyan da ake gani guntaye ne, kuma suna rayuwarsu lafiya. Sai dai a gida yawanci laifin mutum ne: an cafke ta ta baya, ko an ja wutsiyar, ko kyanwa ta daka tsalle kan akwati, ko an rufe ƙofa da ƙarfi. In an kawo ta sabuwa, a ƙyale ta mako biyu ba taɓawa. Bayan nan a fara da minti biyar, a zaune a ƙasa ko kan gado, domin gwanar tsalle ce kuma ba ta duba inda za ta faɗa. Ba a damƙe ta. Hannu ake shimfiɗa mata ta hau, in ta nufi gaba a tara mata ɗaya hannun, haka har ta gaji ta natsu. A kuma faɗa wa yara gaskiya: jurewa take yi, ba so take ba. Ba za ta yi kewarka ba in ka yi tafiya, ba za ta tarbe ka a ƙofa ba. Wanda ke neman wannan ya nemi kyanwa.

Na san akwai tambayar da ke cin masu sauraro tun farkon shirin. Mun taso da jin cewa tsaka tana da dafi, in ta sa baki a ruwa ko ta faɗa abinci akwai cuta. Ta fuskar ilimin dabbobi, tsaka ba ta da dafi, ta gida da ta waje. Amma tsoron iyayenmu bai tashi a banza ba. Dabbobi masu rarrafe sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu, su fitar da ita a kashi, ita kuma tana haddasa gudawa da zazzaɓi. Don haka rufe abinci da ruwa daidai ne. Mai kiwo kuma ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa ta ko akwatinta, kada ya wanke kayanta inda ake wanke kwanukan abinci, kada ya bar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya riƙa wasa da ita. Ta fuskar addini kuma, Musulmi sun san akwai hadisai ingantattu da suka yi magana kan kashe tsaka. Ko hukuncin ya haɗa da irin wannan ta dajin wani tsibiri, ko ya halatta a saye ta a ajiye, wannan fatawa ce, kuma fatawa ta malamai ce, a je a tambaye su kafin a fitar da kuɗi. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne nauyin da ke kan wanda ya tsare dabba, labarin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha sananne ne. Ita wannan kuwa, in an kula da ita, takan yi shekara 15 zuwa 20. Yaron da aka saya wa yana aji ɗaya na sakandare zai gama jami'a, ya yi aure, tana nan tana jiran a fesa mata ruwa da almuru. Galibi uwa ake bar wa.

Kiwon guda ɗaya ya fi kwanciyar hankali. Maza biyu a akwati guda faɗa ne har rauni. Mace da namiji kuwa, ka shirya: mace takan yi ƙwai biyu duk bayan mako huɗu zuwa shida a lokacin hayayyafa, ta binne su a ƙasa mai laima, su ƙyanƙyashe bayan wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Haɗuwa guda ta ishe ta watanni tana zuba ƙwai masu ɗa. Ko ba namiji ma takan yi ƙwai marasa ɗa, kuma kowane ɓawo daga kalsiyam ɗin jikinta ake gina shi, don haka mace ta fi namiji shiga haɗarin ciwon ƙashi. Wannan yawan haihuwa shi ya karya farashin na gama-gari, shi kuma ya sa masu neman riba suka koma farautar launi: ja, ruwan ɗorawa, mai ɗigo-ɗigo, mai farin gefe. Akwai wani launi da ake ji da shi mai suna Lilly White, wanda in aka haɗa mace da namiji duk masu shi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan ba sa rayuwa. Masu kiwo na gari sun san haka, ba sa haɗawa.

A can gida kuwa, labarin ba mai daɗi ba ne. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa tsaka mai zanko cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazana. Sabuwar Kaledoniya tana cikin wuraren da suka fi arzikin ma'adinin nikel a duniya, haƙarsa kuma tana cin daji. Ga gobarar daji, ga ɓeraye da kyanwoyi da aladu da barewar da mutane suka shigo da su. Ga kuma wata 'yar mitsitsiyar tururuwa daga nahiyar Amurka, wadda aka fara lura da ita a tsibirin wajen shekarun 1970, mutanen can suna kiranta tururuwar lantarki saboda zafin harbinta. Tana far wa tsakar, tana kuma cinye ƙwarin da take ci. Wasu masu kiwo sukan ce ai yawan da ke hannunsu ya zama garkuwa, ko ta ƙare a daji akwai ta a gidaje. Ban yarda da wannan ba sosai. Waɗanda ke gidaje an fito da su ne daga tsatso kaɗan, an kuma yi shekara 30 ana zaɓensu saboda launin da zai burge mai saye, ba saboda iya ɓuya daga tsuntsu ko jure tururuwa ba. Kuma ko da za su iya, sai akwai dajin da za a mayar da su.